Me Ya Sa Aka Cire 1 Daga Lambobin Firam, Kuma Ina Amfanin Farfasa Lamba?

Wata malamar firamare da ke riƙe da aji shida ce ta aiko da tambayar. Tana koya wa yara yadda ake farfasa lamba zuwa lambobin firam, irin 12 = 2 × 2 × 3, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai 1 ma ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, me ya sa ba a sa ta ba?" Malamar ta ce mata haka littafi ya ce, amma abin ya tsaya mata a rai. Ta ƙara da cewa ita kanta ba ta ga inda darasin zai amfani yaro ba in an gama jarrabawa.

Malama, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma a shekarun farko amsar da kika bayar ita nake bayarwa, har yau abin yana damuna in na tuna yawan yaran da na sallama da ita. Daga baya na gane tambayoyin nan naki biyu amsarsu ɗaya ce, kuma ita ce ainihin abin da ba mu cika faɗa wa yara ba.

Ki sa yara su tsinto marafan kwalbar lemo. Ki ba yaro guda goma sha biyu ki ce ya jera su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa. Zai yi sahu biyu na shida-shida, ya rushe ya yi uku na hurhuɗu, ya sake rushewa ya yi huɗu na uku-uku. Sai ki ƙara masa marfi ɗaya su zama goma sha uku. Duk yadda ya juya sai wani abu ya yi saura, in ba miƙe su ya yi a dogon sahu ɗaya ba. Lambar da ta ƙi jeruwa irin wannan ita ce firam: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka dai. Guda 25 ne ƙasa da 100, guda 168 ƙasa da 1000. Yaron da ya ji taurin 13 a hannunsa ba ya buƙatar haddar ma'ana.

Daga nan ki kira yara uku gaban allo ki ba su lamba ɗaya, 360, amma ki hana su farawa daga wuri ɗaya. Na farko ya fara da 36 × 10, na biyu da 8 × 45, na uku da 2 × 180. Kowa ya ci gaba da farfasawa har ya kai inda ba abin da ke fasuwa. Na farko zai mai da 36 shida sau shida, kowane shida ya zama 2 × 3, goma ta zama 2 × 5. Na biyu zai sami 2 × 2 × 2 daga takwas, sannan 3 × 3 × 5 daga arba'in da biyar. Na uku zai fi su doguwar hanya. In sun gama ki ce ajin ya ƙirga: a wurin kowannensu za a tarar da 2 sau uku, 3 sau biyu, 5 sau ɗaya. Ba wanda ya kwafi wani, hanyoyinsu ba su haɗu ba, amma masauki ɗaya suka sauka.

To nan gizo ke saƙar. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta firam ce, ko kuma ana samunta ta ninka lambobin firam, kuma jerin firam ɗin nan nata guda ɗaya ne tak. Kina iya sauya wanda ya zo farko da wanda ya zo ƙarshe, amma ba ki iya sauya su waye ne ko sau nawa kowanne ya zo. 1960 ita ce 2 × 2 × 2 × 5 × 7 × 7, ba ta da wani asali sai wannan, kuma ba wata lamba a duniya da ke da wannan asalin sai ita. Masana na kiran wannan babbar ƙa'idar ilimin ƙidaya.

Rabin farko na ƙa'idar ba wuya: lambar da ta fasu ta koma ƙanana biyu, ƙananan in sun fasu su ƙara ƙanƙancewa, kuma ba yadda za a yi ta ƙanƙancewa har abada, dole a tsaya. Rabi na biyun, wato cewa jerin ɗaya ne, shi ne mutane ke ɗauka kamar abu ne a fili, alhali ba haka ba ne. Ki ƙaddara akwai wani gari da mutanensa ba su san wata lamba ba sai waɗanda biyu ke rabawa: 2, 4, 6, 8, 10, har gaba. A garin nan 6 ba ta fasuwa, don 2 × 3 ce, su kuwa ba su da 3. Haka 10, haka 30. To ki duba 60 a wurinsu: 6 × 10 ce, kuma 2 × 30 ce. Lamba ɗaya, asali biyu daban, dukkansu ba mai fasuwa. A garin nan ƙa'idar ta rushe. Ke nan akwai wani abu na musamman a lambobinmu da ke riƙe da ita.

Abin kuwa shi ne: in firam ta raba sakamakon ninka lambobi biyu ba saura, to lallai ta raba ɗaya daga cikinsu. Lambar da ba firam ba ba ta da wannan hali. Shida tana raba 4 × 9, wato 36, amma ba ta raba 4, ba ta raba 9; rabinta ya ɓuya a cikin huɗu, rabinta a cikin tara. Bakwai kuwa ba ta da rabin da za ta ɓoye, sai dai ta shiga gida ɗaya gaba ɗayanta. Da wannan ake kafa hujjar. A ce lamba tana da jeri biyu. Ɗauki firam ɗaya daga jerin farko. Tunda tana raba lambar, dole ta raba wata a jeri na biyu, waccan kuma firam ce, ba mai raba ta sai 1 da kanta, ke nan su ɗaya ne. A soke su, a ɗauki ta gaba. Haka za a yi ta sokewa har jerin biyu su ƙare tare. Yuklid, wanda littattafan Larabci ke kira Iƙlidis, ya rubuta wannan hali na firam a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Kamaluddin al-Farisi, masanin Farisa da ya rayu a ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, ya kafa hujjar cewa kowace lamba tana farfasuwa zuwa firam. Bajamushe Gauss ne ya zayyana ƙa'idar a cike tare da hujjarta a 1801.

Yanzu sai 1. Da za mu karɓe ta a matsayin firam, 12 za ta zama 2 × 2 × 3, kuma 1 × 2 × 2 × 3, kuma 1 × 1 × 2 × 2 × 3, ba ranar tsayawa. Asali ɗayan nan da muka sha wahalar tabbatarwa ya tafi, sai mu riƙa cewa "ban da 1" a bakin kowace ƙa'ida. Akwai ma hanyar da yara za su gani da idonsu. In kin rubuta 1 zuwa 100 a allo kina tace firam, kikan bar 2 ki soke duk abin da 2 ke rabawa, ki bar 3 ki soke nata, ki yi haka da 5 da 7. Wannan rariya ta Eratostenis ce, Bagirken da ya riƙe ɗakin littattafan Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. To ki fara da 1: ki bar ta, ki soke duk abin da take rabawa. Allon gaba ɗaya ya tafi.

Sai dai ina roƙonki ki koma wurin yarinyar nan ki gaya mata ta yi gaskiya. A kan ma'anar da muka saba bayarwa, "ba mai raba ta sai 1 da kanta", 1 ta shiga. Ma'anar ce ke da ɓaraka. Wadda ta tsaya daidai ita ce: firam lamba ce da masu raba ta guda biyu ne cif, ba ƙari ba ragi. Bakwai tana da 1 da 7. Ɗaya kuwa mai raba ta ɗaya ne kawai. Ki kuma gaya mata ba ita kaɗai ta yi wannan tunani ba. Masanin lissafi Goldbach, a wasiƙar da ya aika wa takwaransa Euler a 1742, ya ƙirga 1 cikin firam. Ba'amurke D. N. Lehmer ya buga babban jadawalin firam a 1914, kuma da 1 ya fara. Tsoffin Girkawa su kuma galibi ba su ma ɗauki 1 a matsayin lamba ba, sun ɗauke ta abin da ake gina lambobi da shi. Cire ta zaɓi ne da masana suka tsaya a kai don sun ga ya fi gyara aiki, kuma yaro ya cancanci ya san haka, don kada ya girma yana zaton lissafi umarni ne da ake saukowa da shi ba dalili.

Batun amfani kuwa, ba sai mun je nesa ba, yana zauren malaman rabon gado. Kason da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Ki duba lambobin da ke ƙasansu: 2, 4, 8, 3, 6. Ki farfasa su, ba za ki sami komai ba sai 2 da 3. Shi ya sa asalin mas'ala, wato yawan kason da ake fara kasa dukiyar, a ilimin fara'ili (rabon gado) bai wuce 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24 ba, kuma shi ya sa ya tsaya a 24, wato 2 × 2 × 2 × 3: ita ce ƙaramar lambar da sumuni da sulusi duk za su fita daga cikinta ba karaya.

Ga misali, kuma lissafin kawai nake nunawa, hukunci na malamai ne da alƙalai. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Takwas ita ce 2 × 2 × 2, shida ita ce 2 × 3. Sun yi tarayya a 2 guda ɗaya, don haka ba sai an ninka takwas da shida an sami 48 ba. A ɗauki kowace firam gwargwadon inda ta fi yawa, 2 sau uku da 3 sau ɗaya, a sami 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17. 'Ya'yan kuwa kaso biyar ne, tunda kowane namiji yana da biyu, mace ɗaya. Goma sha bakwai ba ta rabuwa biyar, kuma ba su haɗa komai ba, dukkansu firam ne. Sai a ninka asalin da biyar ya koma 120: mata 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'ya 17. Ki tara, 120 cif.

Malaman fara'ili suna da sunaye huɗu na yadda lambobi biyu ke haɗuwa: tamasul in ɗaya suke, tadahul in ƙaramar tana shiga babbar kamar 3 da 6, tawafuƙ in sun yi tarayya a wani abu kamar 6 da 8, tabayun in ba abin da ya haɗa su kamar 5 da 17. Wannan shi ne HCF (babbar lambar da ke raba su duka) da LCM (ƙaramar lambar da duk suke rabawa) da kike rubutawa a allo, ba wani abu daban ba. Na taɓa zama da wani dattijon malami da bai taɓa shiga ajin boko ba, yana warware mas'ala da yatsa a kan ƙasa, ya kalli 6 da 8 ya ce sun yi muwafaƙa da rabi, ya ɗauki rabin ɗaya ya buga a ɗayar. Abin takaici ne ɗalibi ya yi wannan karatu da yamma a zaure, ya yi wancan da safe a aji, ba wanda ya taɓa gaya masa karatu ɗaya yake yi.

Ki tambayi tsofaffin gidanku kuɗin da ake kashewa kafin naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973. Kwabo 12 sule, sule 20 fam, ke nan fam ɗaya kwabo 240 ne. Sisi rabin sule, taro rubu'insa. Mutum uku suka sami sule, kowa ya ɗauki kwabo huɗu a rabu lafiya. Yau mutum uku su raba naira ɗari, sai ɗaya ta yi saura. Dalili yana cikin asalin lambobin: 12 tana da 3 a cikinta, 100 kuwa 2 × 2 × 5 × 5 ce, babu 3. Har yawan masu raba lamba ana karanta shi daga asalinta ba tare da an gwada ko ɗaya ba: ki ƙara ɗaya a kan yawan zuwan kowace firam, ki ninka. Ɗari tana da 2 sau biyu da 5 sau biyu, uku sau uku, masu raba ta 9. 240 tana da 2 sau huɗu, 3 sau ɗaya, 5 sau ɗaya, biyar sau biyu sau biyu, masu raba ta 20. 360 tana da 24. Sittin tana da 12, abin da ya sa awa ke yankuwa rabi, sulusi, kwata, ko kashi biyar, duk a cikakkun mintoci.

Da wannan ne kuma za ki amsa wa yaron da ya tambayi me ya sa ɗaya bisa takwas ke tsayawa a 0.125 amma ɗaya bisa uku ke ta 0.333 ba iyaka. Ƙirgarmu goma-goma ce, goma kuwa 2 × 5 ce. In lambar ƙasa, bayan an rage ta iya raguwa, ba ta ƙunshi komai ba sai 2 da 5, rabawar za ta ƙare. Wata firam ta shigo, ko 3 ko 7, ba za ta ƙare ba.

Wajen koyarwa, abin da ya fi kayar da yara shi ne lambobin da ke kama da firam alhali ba su ba ne: 51, 57, 87, da uwa uba 91. Ukun farko dabarar tara alƙaluma tana kama su, 5 da 1 shida ne, uku na raba shida, ke nan tana raba 51. Amma 91 ba ta faɗa wa 2, 3 ko 5, sai an kai 7 × 13. Ki riƙa sa ta a aikin gida. Sannan ki koya musu inda ake tsayawa, don na ga yara suna gwada 211 da kowace lamba har takarda ta cika. Firam kawai ake gwadawa, kuma da zarar firam ɗin da za a gwada, in an ninka ta da kanta, ta wuce lambar, an gama. A 211 za a gwada 2, 3, 5, 7, 11, 13. Ta gaba 17 ce, 17 × 17 kuwa 289, ta wuce. In da 211 tana fasuwa, ɗaya daga ɓangarorin biyu dole ya kasance ƙarami, kuma da mun riga mun ci karo da shi. Ke nan firam ce. Ibn al-Banna na Marrakesh yana cikin waɗanda suka yi bayanin wannan gajeriyar hanya tun wajen shekara ta 1300.

A manyan lambobi kuwa ko wannan gajeriyar hanya ba ta isa. Ninkawa sauƙi gare ta, komawa baya ce wuya. Ɗalibinki mai haƙuri zai iya ninka 641 da 6,700,417 kafin a tashi tara, ya sami 4,294,967,297. Amma ki ba shi sakamakon ki ce ya nemo waɗanda aka ninka. Bafaranshe Fermat, gwani a fannin, ya yi zaton wannan lamba firam ce, kuma kusan shekara ɗari ta wuce kafin Euler ya fasa ta a 1732. A kan wannan bambanci aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a Amurka a 1977. Ana ɗaukar manyan firam biyu a ninka su, a bayyana sakamakon ga kowa ya kulle saƙo da shi, amma buɗewa sai wanda ya san firam biyun. A shekarar ne aka buga wata lamba mai alƙaluma 129 aka ƙalubalanci duniya ta fasa ta. (Ki tuna lambar wayarki alƙaluma 11 ce.) Sai 1994 aka iya, bayan mutane kusan 600 sun haɗa kwamfutocinsu ta intanet na tsawon watanni. A 2020 an fasa mai alƙaluma 250. Makullan da aka fi amfani da su yanzu suna da alƙaluma 617. Ba duk tsaron intanet ne ke kan RSA ba, akwai wasu hanyoyin, amma shafuka masu yawa da ɗan guntun ƙarfen nan da ke jikin katin ATM suna aiki da shi. Mai POS na bakin layinku yana cin abinci a inuwar darasin da kike koyarwa.

Wani yaron zai tambaye ki ko firam suna ƙarewa. Ba sa ƙarewa, kuma hujjar Yuklid 'yan aji shida za su iya bin ta. Ki ɗauki duk firam ɗin da kike da su, ki ninka su, ki ƙara 1. Ba ɗaya a cikinsu da zai raba sabuwar lambar, kullum 1 zai yi saura. Amma dole tana da asali, ke nan akwai firam da ba ta cikin jerinki. A yi hattara, sabuwar lambar ba lallai ita kanta ta zama firam ba: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13, a ƙara 1, ya ba da 30,031, wadda take 59 × 509. Ga sababbi biyu sun fito. A Oktoban 2024 an gano wata firam mai alƙaluma 41,024,320.

Ranar Litinin, kafin ki buɗe littafi, ki ce kowane yaro ya rubuta lamba mai alƙaluma uku a ɓoye, ya sake rubuta ta a gefenta, misali 528 ta zama 528528. Ki ce ya raba da 7, ki yi musu alkawarin ba za a sami saura ba. Abin da ya fito a raba da 11, sannan da 13. Kowa zai ga lambarsa ta farko ta dawo masa, ajin zai kaure da surutu. Kada ki faɗi sirrin. Ki rubuta 1001 a allo ki ce su farfasa ta, sannan su ninka 528 da 1001 su ga abin da zai fito. Yarinyar da ta yi miki tambayar 1, ki ba ta alli ta fara.